Ƙonannen hatsin da ke fitowa daga kufai: shekarunsa nawa, kuma wa ya noma shi?

Wani malamin makaranta daga wani ƙauye da ke kudu da Kuseri, a arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce masu buga tubali suna haƙar ƙasa a gefen wani tsohon tudu, sai suka fasa wata babbar tukunya, suka tarar da baƙin abu a gindinta mai kama da gero, wanda zai kai mudu biyu. Dattawan garin sun ce abincin mutanen Sao ne, wato mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da. Yana son ya sani ko hatsi na iya daɗewa haka a ƙasa bai ruɓe ba, da yadda ake gane shekarunsa, da kuma abin da ya kamata ya yi da ɗan abin da ya ɗiba ya ajiye.

Malam, na gode da wannan tambaya, domin ta faɗo daidai kan aikin da na daɗe ina yi, wato nazarin ragowar tsirrai da ake samu a wuraren tonon kayan tarihi. Amsa a taƙaice ita ce hatsi yana iya kai shekara dubu uku ko fiye a cikin ƙasa, amma da sharaɗi guda a irin yanayinmu: sai in wuta ta taɓa shi. Tsabar da ba ta ƙone ba, in ta shiga ƙasar bakin kogin Logon da ke jiƙewa da damina ta tsattsage da rani, ba ta wuce 'yan shekaru, ko ta tsiro, ko ta ruɓe, ko gara ta cinye ta. Wadda ta zama gawayi kuwa ba ta da sauran abin da ƙwaro ko ruma za su ci a jikinta, sai ta zauna yadda take.

Sai dai ba kowace ƙuna ce ke adana hatsi ba. In wuta ta ci da iska sosai, toka za ta bari. Abin da ke mayar da tsaba gawayi ba tare da ta rasa siffarta ba shi ne zafi matsakaici, kamar daraja 200 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyos, a wurin da iska ba ta shiga sosai: ƙasan tokar murhu, ko cikin rumbun da gobara ta ci rufinsa ya rufto a kan damman da ke ciki, ko cikin tukunya rufaffiya irin wadda kuka gani. Wannan ya sa shaidar da muke samu take da son kai, kuma ina so ka riƙe wannan batu domin kusan duk kuskuren da ake yi a wannan fanni daga nan yake tasowa. Abin da ake sarrafawa kusa da wuta, kamar hatsi da ƙaiƙayinsa da ƙwallon 'ya'yan itace da ake jefawa a murhu, shi ke yawan bayyana. Ganyen miya kuwa, irin su kuka da rama da yakuwa da lalo, da saiwoyi irin su doya, kusan ba sa barin komai. Wanda ya dubi jerin abubuwan da muka tono ya ce mutanen da tuwo kawai suke ci ba miya, ya yi musu ƙazafi.

Akwai wasu hanyoyin da tsiro ke tsira ban da ƙuna. Mafi amfani a yankinmu ita ce tambarin da ƙaiƙayi ke bari a jikin tukunya. Maginan tukwane tun da can suna cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi ko kashin dabbobi don kada ya tsage wajen gashi. In aka gasa tukunyar, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar gurbinsa, mu kuma sai mu zuba wani roba mai laushi a gurbin, mu ciro siffarsa mu duba. Tsingaron da yara ke wasa da shi a kan tudu yana iya ɗauke da shaidar noman da ta fi duk wani rubutu tsufa. Wurin da ruwa bai taɓa janyewa ba shi ma yana adana itace, kuma babban misali shi ne kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta Najeriya. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itacen dangin maɗaci, kuma shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Ƙwallon zuwo ma yana daɗewa ko bai ƙone ba, saboda ɓawonsa na da sinadari irin na farar ƙasa. Sannan akwai abubuwan da ido ba ya gani: ƙananan duwatsun da ciyawa ke ginawa a cikin ganyenta daga yashin da ta sha a ruwa, waɗanda ke zama a ƙasa bayan ganyen ya ruɓe, da kuma bununin furanni da ke kwanciya a lakar ƙasan tafki shekara bisa shekara.

Abin da kuka samu, wato hatsi tsibi guda a tukunya, sa'a ce da ba kasafai ake yin ta ba. Yawancin lokaci tsabar a warwatse take cikin ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, kuma hanyar fitar da ita duk macen da ta taɓa wanke hatsi ta san ta. Ana ɗibar ƙasa daga kowane mataki na ramin, lita 10 zuwa 20 ko fiye, a zuba a bokitin ruwa a motsa a hankali. Yashi da tsakuwa su nutse, gawayi kuwa da yake ba shi da nauyi ya taso, sai a tsiyaye ruwan a kan rariya mai ƙananan ƙofofi, wadda faɗin kowace ƙofa bai wuce rubu'i zuwa rabin milimita ba. A ƙulle abin da ya tsaya a ƙyalle, a rataye a inuwa ya bushe. Wannan dabara ta yaɗu ne a shekarun 1960, daga ayyukan da aka yi a Amurka da Iran, kuma kafin ita masu tono da yawa sun rubuta cewa ba su ga ragowar tsiro ba alhali suna zubar da shi da kwando. A ƙasar laka irin ta bakin Logon da Shari aikin yana da wuya ƙwarai, domin lakar tana riƙe gawayin gam, sai an jiƙa ta na tsawon lokaci kafin ta sake shi. Na sha yini guda a kan bokiti huɗu kacal, in ƙare da abin da bai cika cokalin shayi ba.

Daga nan sai zaman tantancewa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana ware tsaba ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi, ana kwatanta ta da tsabar yau da muka san sunanta. A nan ne tambaya mafi daɗi take: wannan geron nomawa aka yi, ko kuwa na daji ne aka tara? Girman tsaba kaɗai ba ya raba gardama, domin geron farko da aka noma ƙanana ne ƙwarai, girman ya zo ne daga baya. Abin da muke nema shi ne wurin da tsaba ke manne da zangarniya. Ciyawar daji, da zarar ta nuna, takan kakkaɓe 'ya'yanta da kanta, kuma wurin rabuwar yakan bar tabo sumul. Manomi kuwa abin da ya tsaya a kan kara har ranar girbi shi yake kaiwa gida, daga cikinsa kuma yake cire iri, don haka bayan ɗaruruwan damina sai aka wayi gari da hatsin da ba ya zuba sai an sussuke shi, kuma wurin rabuwarsa karyayye ne, da ɗan guntun sanda a jiki. Duk manomin da ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gero ta zubar da tsabarta tun kafin a zo yanka, ya riga ya san wannan bambanci fiye da ɗalibin da ya karanta shi a littafi. Saboda haka ƙaiƙayi ya fi tsaba daraja a wurinmu, kuma ina roƙonka kada ka sheƙe abin da ka ajiye don ya yi kyan gani.

Batun shekaru kuma, ana auna su ne da sinadarin kabon 14. Kowane tsiro yana shaƙarsa daga iska muddin yana raye. In ya mutu sai shaƙar ta tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730. Willard Libby ne ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940 a Amurka, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka sami na'urorin da tsaba guda ɗaya tak ta ishe su. Tsabar hatsi ta fi gawayin itace kyau wajen wannan awo, tunda a damina ɗaya ta rayu, alhali kututturen kirya ko marke yana iya yin shekara ɗari ko fiye kafin a sare shi, ya kuma daɗe a yashe kafin a sa shi a wuta. Sakamakon ba ya zuwa da shekara guda, yakan zo ne da tazara, a ce tsakanin shekara kaza da kaza. Kuma dole a auna tsabar kanta, kada a dogara da zurfin da aka same ta, domin tururuwa na jan hatsi zuwa cikin ƙasa, ɓeraye na haƙa, ƙasar laka da ake kira karal kuma in ta tsage da rani tsagar na iya haɗiye abin da ke sama ta kai shi ƙasa da kamu da yawa.

Akwai wata alama mai sauƙi da kai ma za ka iya dubawa. Masara da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir da taba duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492. In ka ga ƙwayar masara ko ɓawon gyaɗa a cikin tukunyar, to abin bai kai shekara 500 ba, mai yiwuwa ma bai kai rabin haka ba. Gujiya kuwa 'yar gida ce, har an sami kakarta ta daji tana fitowa da kanta a ƙasar da ke tsakanin Yola da Garwa.

Yanzu ga abin da irin waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi suka nuna game da ƙasarmu, wanda kuma yakan ba mutane mamaki. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin da kake zaune ƙarƙashin ruwa yake. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, kuma gaɓarsa ita ce doguwar tungar yashin nan da ta taso daga wajen Bama, ta bi ta Limani ta gangara Yagwa da Bongor. Lakar tafkin Yowa da ke Uniyanga a arewacin Chadi, wadda ta adana bununin shekara 6,000 ba yankewa, ta nuna yadda ciyayi da itatuwa suka riƙa ja da baya a hankali har Sahara ta zama yadda muka san ta. Da ruwa ya janye, sai mutane suka biyo sabuwar ƙasar da dabbobinsu.

Gero ba a nan aka fara nomansa ba. Shaidarsa mai tsufa ta fito ne daga kwarin Tilemsi a arewacin Mali, wajen shekara ta 2500 kafin miladiyya, sannan aka gan shi a Dar Tishit ta Muritaniya da Birimi ta arewacin Gana a ƙarnonin da suka biyo baya. A kwarin Tafkin Chadi, aikin da Jami'ar Farankfot ta Jamus ta yi tare da Jami'ar Maiduguri a shekarun 1990 ya nuna cewa mutanen da suka zauna a yankin Gajiganna tun wajen 1800 kafin miladiyya makiyaya ne masu shanu da awaki da tumaki, suna kamun kifi, suna kuma tara hatsin daji. Tambarin geron noma bai bayyana a tukwanensu ba sai daga baya, wajen 1200 kafin miladiyya ko kafin haka kaɗan. A Kursakata, a bakin ƙasar laka, an sami ƙonannen gero tare da shinkafar daji da tsabar ciyayi iri-iri, abin da ke nuna cewa shigowar noma ba ta kashe tara na daji ba. Wannan bai kamata ya zama baƙon labari ga mutumin Chadi ba, inda har yau ake tara tsabar ciyawar da ake kira kireb, ko ga wanda kakarsa ta ba shi labarin cin ƙarangiya a shekarar yunwa. Ra'ayina shi ne mun daɗe muna raina wannan abinci muna kiransa na fari, alhali shekaru dubbai shi ne rabin abin da ke cikin tukunya. Zuwa tsakanin 600 da 400 kafin miladiyya kuwa, a Zilum da ke arewa da Maiduguri, an riga an sami babban gari mai faɗin kusan hekta 12, cike da ramukan ajiya, ga gero ga wake.

Dawa fa? Ita ce abin mamakin. A yau in ka bi hanyar Marwa zuwa Kuseri da rani, ka ga muskuwari, wato dawar da ake dasawa da rani, ya rufe karal iya ganinka, wanda Barebari ke kira masakwa, mutanen Chadi kuma berbere, sai ka ɗauka tun fil azal haka ƙasar take. Amma asalin noman dawa yana gabas ne: a kusa da Kasala ta gabashin Sudan an sami tambarinta a tukwane tun wajen 3000 kafin miladiyya, ana tsakiyar rikiɗewa daga ta daji zuwa ta gona. Ba ta bayyana a kwarin Tafkin Chadi ba sai a cikin shekaru dubu na farko na miladiyya, wato fiye da shekara dubu bayan gero. A tudun Daima da ke Borno, 'yan kilomitoci daga iyakar Kamaru, inda Graham Connah ya yi tono a 1965 da 1966 ya ratsa ƙasar zama mai zurfin kusan mita 11, ƙonanniyar dawa ta fito ne a matakan sama, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A tuddan Diyamare, wato yankin Marwa, da Alain Marliac ya tona, irin su Salak da ke kusa da filin jirgin saman Marwa, dawa tana tare da mutanen zamanin ƙarfe. Dashen rani a kan karal kuwa, yaɗuwarsa sosai a Diyamare abu ne na ƙarni biyun nan na baya. Saboda haka in abin da ke tukunyarku dawa ce, wannan kaɗai ya fara rage tazarar shekarun da za a yi zato.

Maganar dattawa cewa abincin Sao ne, ba zan ƙaryata ta ba, amma ba zan sa mata hannu ba tukuna. Sao suna ne da aka laƙaba wa al'ummomi da yawa da suka zauna a kan tuddan kudancin tafkin tsawon ƙarnoni masu yawa, waɗanda Kotoko ke ɗauka a matsayin kakanninsu. Jean-Paul Lebeuf, wanda ya fara bincikensu tun shekarun 1930 ya kuma tona Mdaga a kusa da Njamena, da Augustin Holl da ya yi aiki a Huluf kusa da ku, duk sun tarar da cewa tudu guda yana iya ƙunsar zaman mutane na shekara dubu ko fiye, wani bisa wani. Tukunyar da aka binne a zamanin kakan kakanka da wadda aka binne shekara 1,200 da suka wuce suna iya kasancewa a tudu ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu. Kuma ka lura, manyan tukwanen wannan yanki ba duka na ajiyar hatsi ba ne, da yawansu a ciki ake binne mamata. In akwai ƙashi a kusa, maganar ta canja, kuma ya wajaba a dakatar da haƙa nan take.

Abin da zan ba ka shawara ka yi ba shi da tsada. Kada ka wanke hatsin, kada ka shanya shi a rana, kada kuma ka riƙa juya shi da hannu, domin gawayi ne, yana murƙushewa. In da danshi a jikinsa, bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ka naɗe shi a takardar alminiyom ko ka zuba a kwalba mai tsabta wadda ba a taɓa sa mai ko magani a ciki ba, tare da ƙasar da ta zo da shi. Kada ya haɗu da toka ko gawayin murhun gida, kada kuma a sha taba a kansa. Ka rubuta a takarda ranar da aka same shi, da zurfin wurin daga saman tudu, da ɓangaren da yake, da abin da ke kewaye da shi, ko toka ce, ko jar ƙasa ƙonanniya, ko daɓen ɗaki. Ka ɗauki hoton ramin da wayarka, ka sa wani abu da aka san tsawonsa a gefe, ko da ma'aunin ɗalibanka ne. Ka tattara gutsattsarin tukunyar duka, musamman bakinta, kuma su ma kada a wanke su, domin ƙanzon da ya manne a ciki ana iya gano abin da aka dafa daga gare shi.

Sannan ka je wurin bulama ko lawanin garin ku yi magana da masu tubalin cikin lalama, tunda su ma abincinsu suke nema, a roƙe su su koma wani gefen da ba tudun ba. Dokar Kamaru ta 2013 kan kayan gadon al'adu ta ba irin waɗannan wurare kariya, kuma hanyar da ta dace ita ce a sanar da ofishin Ma'aikatar Fasaha da Al'adu na yankin, a kuma tuntuɓi malaman tarihi da binciken kufai na Jami'ar Marwa ko ta Ngaundare. In wani ya zo yana tayin sayen tukunya ko 'yan gumakan yumɓu, kada a sayar masa. In masu binciken sun iso, ka nuna musu ainihin gurbin da gindin tukunyar ya zauna, domin daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa da wadda ke gefensa za su fara ɗiba.